Shaidar Bango

Ƙusa ɗaya ce ta raba ni da gidan Alhaji Rabo na Tsarnawa, kuma ina ganin wajibi ne in bayyana yadda ta shiga aljihuna kafin in faɗi ɓarnar da ta yi.

Shekara shida ke nan ina aiki da wani kamfanin gine-gine, ina bin shugabana daga ƙasa zuwa ƙasa. Tsohon injiniya ne ɗan Italiya, leburori suka raɗa masa suna Mai Ƙusa, domin ba ya wuce bango bai karce shi ba. Ranar da na miƙa masa takardar diplom ɗina, bai ko buɗe ta ba. Ya ciro doguwar ƙusa ya sa mini a tafin hannu.

"Takarda tana ƙarya," in ji shi. "Ɗan kwangila yana ƙarya. Ni ma in na gaji ina yi. Bango ba ya ƙarya. Ka riƙa tambayarsa."

Mun gina gada a Mali, mun gina tankin ruwa a arewacin Benin. A wani gari kusa da Wahiguya ta ƙasar Burkina, rufin kankaren wani sito da aka zuba kafin zuwanmu ya rufta a kan mutum uku. Da hannuna na ciro na ukun. Tun daga ranar, duk ɗakin da na shiga sai na ɗaga kai sama kafin in gaisa da masu shi.

A shekarar 1987 kamfanin ya dawo da mu gida, muna sake ƙananan gadojin hanyar da ta tashi daga Tsarnawa ta nufi Tawa. A nan na nemi Tsahara, ɗiyar Alhaji Rabo mai fataucin albasa, wadda ke koyarwa a lakwal ɗin garin, wato makarantar boko. Ta yarda da ni. Mahaifinta bai ƙi ba, bai kuma amsa ba, domin akwai Bala, ɗan amininsa, ɗan kwangila mai sayar da siminti a Malbaza, wanda ya riga ni sallama a gidan.

Ranar da kawuna Isufu ya raka ni gaisuwar iyaye, mun tarar da Alhaji cikin farin ciki. Bala ya gina wa mahaifiyarsa, Inna Kyauta, ɗaki na bulo mai rufin kankare, irinsa na farko a unguwar. Alhaji ya ce sai mun shiga mun gani. Bala na gaba yana nuna mana, dattawa biyu na biye.

Tsohuwar na zaune a bakin gado tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Da na miƙe, hannuna ya shiga aljihu ba tare da na ba shi izini ba.

Na karci bulon da ke gefen taga sau ɗaya. Ya zubo kamar tsakin gero, har a kan tabarmar sallar tsohuwar. Na ɗaga kai, sai na ga tsaga siririya ta tashi daga kusurwar tagar ta haura har ƙarƙashin rufin.

"Wanga ɗaki ba shi kai damana biyu," na ce. "A hidda Inna daga ciki."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji shirun da ya biyo baya.

"Mi kac ce?" in ji Alhaji.

Kawu Isufu ya taka mini ƙafa. Bala ya yi dariya, amma idonsa ya kaɗa.

"Ranar da kaz zo neman ɗiyata," Alhaji ya ce a hankali, "ranar kaka yi ma uwata hwatan mutuwa. Cikin gidana. Gaban mutane."

"Alhaji, ba hwata na ba. Simintin na..."

"Isuhu, ja ɗanka ku hita."

Ba mu kai bakin kwalta ba aka biyo mu da ƙwaryar goron da muka kai, ko ɗaya ba a fasa ba.

* * *

Kwana biyu Kawu bai yi mini magana ba. A rana ta uku ya kira ni shagonsa a Ƙonni, ya bar ni a tsaye.

"Lakwal ta ba ka ilimi ta ɗauke maka hankali, Ƙasimu. Baki shi ka yanka wuya. Ko ɗakin na zuba bisa kanka, ba ka iya jira mu hita ka raɗa min a kunne?"

"Na yi kuskure wajen hwaɗi, Kawu. Amma abin da na gani..."

"Rihe min baki da abin da kag gani. Na tai na ba shi haƙuri, har hulata na tuɓe. Ya tahi Abijan da albasa, sai bayan kwana ashirin. Jumma'ar da yad dawo, bayan an sauko masallaci, za ka zo zaurenshi gaban dattawa ka ce ƙarya kay yi, hassadar Bala ta sa ka. In ka hwaɗi haka, shi duba maganarka. In ba ka hwaɗi ba, kada inuwarka ta ƙara taɓa ƙoharshi."

"In na ce ƙarya na yi, Inna za ta ci gaba da kwana a ɗakin."

"Uwarka ta? Mutane sun yi shekara ɗari suna kwana ƙarƙashin laka ba su mutu ba, sai kai za ka ce siminti na kashe su?"

Na koma shantiye, wato wurin aikinmu. Muna zuba kankaren gada ta bakwai a ranar. Na auna yashi, na sake aunawa, na sa aka zubar da kwaɓi guda domin ruwa ya yi masa yawa, har shugaban leburori ya tambaye ni ko da shi nake faɗa.

Da tsakar rana Mai Ƙusa ya kira ni inuwar motarsa. Ya shimfiɗa taswira a kan bonet ya ɗora yatsa a kudancin Cadi.

"An ba mu gada a nan. Shekara biyu. Kai za ka riƙe gefe ɗaya na kogin, da mutanenka, ba mai tsaya maka a kai. Juma'a ta uku daga yau za mu tashi, ƙarfe huɗu, daga mararrabar Tsarnawa."

Na lissafa kwanakin a zuci. Ranar zaman zauren Alhaji ce.

Na gaya masa abin da ya faru, ban ɓoye komai ba. Ya saurara yana tauna bakin lofensa da babu taba a ciki.

"Tsagar tana da rai ko ta mutu?" ya tambaya.

"Ban sani ba. Sau ɗaya na gan ta."

"To, ka yi magana kafin ka sa shaida. Laifinka ke nan, ba ƙusar ba."

A sana'armu, idan aka ga tsaga a bango, akan kwaɓa farin gari irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, a manna ɗan faifai kamar tafin hannu a kan tsagar, a rubuta kwanan wata. Idan ginin ya zauna, faifan zai zauna lafiya. Idan ginin yana tafiya, faifan zai rabe biyu. Wannan faifan shi muke kira shaida.

"Ba ni da hanyar shiga gidan," na ce.

"Wannan ba aikin injiniya ba ne," in ji shi, ya naɗe taswirarsa. "Ƙarfe huɗu. Zan sa a danna odar mota sau uku. Kamfani ba ya jiran mai neman aure."

* * *

Kashegari, lokacin da yara suka fita tara, na jingina babur ɗina a jikin dogonyaron da ke bayan lakwal. Tsahara ta daɗe kafin ta fito. Da ta iso ba ta gaishe ni ba. Akwai alli a yatsunta, idanunta sun kumbura.

"Ka zo ka karci bangon lakwal kuma?"

"Tsahara, ki saurare ni."

"Wata bakwai ina lallashin Baba. Wata bakwai. Ana ce min mi za ki yi da mutumin da akwatin ƙarhe na ɗakinshi, yau Mali gobe Burkina, in ce shi natsattse na, ba shi magana sai ya auna. Ran da za ka auna, ran nan kas saki baki."

"Na ga abin da irin wanga rufi ke yi ma mutum."

"Ni kuma na ga abin da irin wanga baki ke yi ma mace." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ka san mi aka cewa bakin rijiya? Saurayin Tsahara ya yi ma tsohuwa baki. In Inna ta yi ko tari, ni aka kallo. Jiya Bala ya zo da buhun shinkahwa yana ba Mama haƙuri a madadinka. A madadinka, Ƙasimu."

Na duba hagu da dama, domin ba na so a ce an gan mu.

"Ka tai ka ce ƙarya kay yi," ta ce. "Kalma ɗaya ta. Bayan an ɗaura aure in jawo Inna ɗakina da dabara."

"Ba a ɗaura aure kahin ruwa. Kankare na shan ruwa, nauyinshi shi ƙaru. In abin ya zo da dare..."

"In kuma bai zo ba? In ɗakin ya shekara hamsin? Ka rasa ni a kan zato?"

"Shi ya sa na kawo wanga."

Na ciro gwangwanin madara daga jakata. Na bayyana mata yadda ake kwaɓawa, kauri kamar na tuwon da bai gama nuna ba, da yadda za ta manna shi a kan tsagar daidai saman taga, ta rubuta kwanan wata kafin ya bushe.

Ta dubi gwangwanin kamar na miƙa mata kunama.

"Ka san abin da kaka roƙo na? In shiga ɗakin kakata da wani hwarin gari da saurayina yab ba ni, in shahwa ma bango a ɓoye. In an gan ni, mi za a ce na? Magani. Kai ka tahi wata ƙasa, ni in zamna da sunan."

Gaskiyarta ce, kuma ban yi wannan tunanin ba. Ni da nake auna yashi sau biyu.

"Ki yahe min. Ba ni shi."

Na miƙa hannu. Ba ta ba ni ba, ba ta kuma ce za ta yi ba. Aka buga ƙarfen komawa aji.

"Kada ka ƙara zuwa nan," ta ce, ta tura gwangwanin cikin mayafinta ta juya.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka yi ruwan fari, mai ƙarfi, har ya cika ramin gada ta takwas. Na tsaya a cikinsa ina sa a kwashe katako, amma hankalina yana ƙarƙashin wani rufi a Tsarnawa.

Ranar Alhamis, jajibirin zaman, Jummai mai kawo mana fura ta ajiye mini wani abu a gefen ƙwarya.

"Malamar lakwal ta ce in ba ka kayanka."

Gwangwanin ne. Babu komai a ciki, an wanke shi tas. Na juya shi, na duba murfin, na duba gindin, ko ɗigon rubutu babu. Ta yi amfani da shi ne, ko ta zubar a bayan gida ta maido mini da abina domin in san mun rabu? Har aka tashi aiki ban samu amsa ba.

Abu ɗaya na yanke: ko ta sa, ko ba ta sa ba, sunanta ba zai fito daga bakina ba.

* * *

Zauren Alhaji Rabo ya cika bayan sallar Juma'a. Liman na zaune a dama da shi, dattawan unguwa shida a jere, Bala a kan kujera cikin shadda mai ruwan ƙasa yana kaɗa makullin mota. Ni da Kawu aka nuna mana bakin ƙofa, inda takalma suke. Akwatina na riga na ba direban kamyo, wato babbar motar kamfani, tun safe. Agogona ya nuna ƙarfe uku da kwata.

"Isuhu," in ji Alhaji, bai dube ni ba, "ɗanka na da magana?"

Kawu ya zungure ni. Na gyara durƙuso.

"Alhaji, ina roƙon gahwara bisa yadda na yi magana. Ban kyauta ba. Wuri bai dace ba, lokaci bai dace ba, kuma ni yaro na a gabanka."

"Mun ji. Saura."

"Saura ba ni iya hwaɗinta."

Kawu ya ja numfashi kamar an soke shi.

"Bulon ba shi da siminti yadda ya kamata. Tsagar tana ɗauke da rufi. In na ce ƙarya na yi, na sa hannu a abin da ka iya samun Inna."

Bala ya bar kaɗa makulli.

"Ku ji min malam injiniya. Kai da ko bukka ba ka taɓa kahwa ma kanka ba duniya. Uwarka ta rasu cikin ɗakin laka a ƙauyenku Tajaye kana Mali kana gina ma baƙi gada, sai ga shi uwar wani ta dame ka. Ni buhu arba'in na zuba a ɗakin nan."

"In buhu arba'in sun shiga," na ce, "ƙusa ba ta shiga."

"Ka ji ko, Baba? Ɓarawo shika ce min," in ji Bala.

Alhaji ya ɗaga hannu. A lokacin ne ya dube ni, karo na farko tun shigowata.

"An ce sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. Kai na ƙadangaren. Ka ga yaron ga ya hi ka komi, ba ka da abin da za ka kawo, sai kan nemi tsaga. To, ni mutum na mai adalci. Liman na nan. Wanda yay yi da'awa shi ka kawo shaida. Kana da shaida?"

Kalmar ta buge ni a ƙirji. Na dubi ƙofar da ke shiga cikin gida, inda aka saki asabari. Na tuna gwangwanin da aka wanke. Na tuna abin da za a ce a bakin rijiya.

"Ba ni da ita, Alhaji."

"To, tashi ka..."

"Shina da shaida, Baba."

Muryar ta fito ne daga bayan asabarin. Ba a ɗaga ta ba, amma babu wanda bai ji ba.

"Wa ta can?" in ji Alhaji, ko da yake ya sani.

"Ni ta, Tsahara. Shaidar na ɗakin Inna, saman taga, bayan hwaihwan da na rataya. Ni na sa ta da hannuna. Bai shiga gidanga ba, bai kuma san na sa ba."

"Ke, koma ciki."

"Ina komawa, Baba. Amma Liman shi zo shi gani tukuna. Kwana tara ke nan ban yi barci ba. Ni ka kwana ƙasa gaban gadonta ina kallon rufi."

Liman ya miƙe da kansa, don haka dole kowa ya miƙe. Daga nesa, ta wajen mararraba, na ji odar kamyo sau ɗaya, doguwa.

Inna Kyauta na zaune inda na bar ta makonni uku da suka wuce. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya muna cika mata ɗaki.

"Lahiya, Rabo? Ko gadona za a raba tun ina da rai?"

Liman ya ɗage faifan kaba da ke rataye a saman taga.

A bayansa ga farin faifan shaida kamar tafin hannu, an lailaye shi da kyau, ya fi wanda ni zan yi tsafta. An rubuta kwanan wata a jiki da tsinken tsifar kai, da irin rubutun da ake yi wa yara a allon aji. Ya rabe biyu. Tsagar ta ratsa tsakiyar lambobin, kuma gefe ɗaya ya sauka ƙasa da ɗayan.

"Wanga mi na?" Liman ya tambaye ni.

Na bayyana masa a taƙaice. Na ciro ƙusata na nuna masa kaurinta, sannan na sa ta a tsagar. Ranar gaisuwa ko tsininta ba zai shiga ba. Yau ta shige har kai.

"Magani na," in ji Bala. "Asiri sunka yi ma ɗakin. Shi yab ba ta, ita tas shahwa. Ku tambaye ta in ba shi yab ba ta ba."

Wasu dattawan suka dubi juna.

Alhaji ya matso. Ya miƙa hannu ya zare ƙusar daga tsagar, ya juya ta a tsakanin yatsunsa. Sannan ya taka zuwa ɗaya bangon, can nesa da taga, inda tsakanina da Tsahara ba wanda ya taɓa, ya karta da ƙarfinsa.

Yashi ya zubo masa a kan ƙafa.

Ya matsa gaba ya sake kartawa. Ya sake zubowa.

"Buhu arba'in," ya ce, ba tare da ya waiwaya ba.

"Baba, magina na sunka..."

"Hita min daga gida, Bala. Ni da ubanka za mu yi magana."

Bala ya nufi ƙofa. Da zai wuce ni ya bangaje ni da kafaɗa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba ka ci ba tukuna, ɗan shantiye."

Aka kama Inna aka fitar da ita tana faɗa, tana cewa ita tun farko ta gaya musu ɗakin lakarta ya fi sanyi. Aka fitar da gado da akwatinta. Oda ta biyu ta taso daga mararraba. Agogona ya nuna saura minti biyar ƙarfe huɗu.

Kawu ya matso yana murmushi, ya fara cewa, "To, Alhaji, tunda Allah ya bayyana gaskiya..."

"Gaskiya?" Alhaji ya juyo, fuskarsa ba alamar sassauci. "Ɗanka ya kunyata ni sau biyu, Isuhu. Na hwarko gaban mutum biyu, na yau gaban unguwa. Ya sa ɗiyata ta ɗaga murya bisa tawa a zaurena. Gobe duk Tsarnawa ta san Rabo ya sa uwarshi cikin kabari shina alhwahari." Ya jefo mini ƙusar, ta faɗi a gabana. "Gaskiyarka ta, injiniya. Ɗauki abarka. Na ji an ce motarka na jira."

Na ɗauki ƙusar. Ta ƙofa ina hango tsakar gida. Tsahara na tsaye a jikin rumbu, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Daf da bangon da ya tsage, ta waje, mata sun jera murhu, jikokin gidan na wasa a inuwarsa. A gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

"Alhaji, hidda Inna bai isa ba. In rufin ya zo, da bangon shika zuwa, kuma waje shika hwaɗuwa, bisa murhu. Sai an tokare shi yau, kahin ruwan can. Ina buƙatar azara takwas da katako biyu masu kauri."

"Sa'a nawa?"

"Har magariba. Gobe kuma a hwara sauke shi sannu-sannu. Kwana huɗu, in an bi a hankali."

"Motarka hwa?"

Na tuna taswirar da aka shimfiɗa a kan bonet, da gefen kogin da aka ce ni zan riƙe, da shekara shida da na yi ina jiran a faɗa mini haka.

"Ka ji ni da kyau," in ji Alhaji, ya matso har ina jin numfashinsa. "Ban yi maka alkawali ba. Ko ka sauke rufin ga da haƙoranka, ban ce na ba ka ita ba. Kada gobe ka ce na riƙe ka."

"Na ji, Alhaji."

Na tuɓe babbar rigata na miƙa wa Kawu, wanda ya karɓa bakinsa a buɗe. Na ce a kwance azarar rumfar albasa a kawo. Na ciro awon mita daga aljihun wando, na ja bakinsa, na miƙa shi ga mutanen da ke tsaye domin wani ya riƙe mini a jikin bango.

Babu wanda ya motsa. Kowa na duban Alhaji.

Oda ta uku ta taso, ta fi sauran tsawo. Da ta yanke, na ji injin kamyon ya yi ruri, ya hau kwalta, sautinsa yana raguwa har ya ɓace. Akwatina na ciki, da diplom ɗina a ƙasan kaya.

Hannuna na nan a miƙe, bakin awon yana rawa a iska.

Alhaji Rabo ya kau da fuskarsa gefe. Ya sa yatsu biyu ya kama bakin awon, ya danna shi a jikin bangon da ya karce.

"Auna," ya ce. "Ba don kai ba."